Gargaɗi ga 'yan'uwa mazauna Guangzhou: a kiyayi dillalan "babban likitan gargajiya"

Assalamu alaikum. Na daɗe ina jin nauyin ba da wannan labari, don ba wanda ke son a san an yi masa wayo, balle mutumin da sana'arsa ciniki ce. Amma a makon jiya na hango mutumin da ya kai ni ya baro yana jan wani dattijo baƙo a bakin tashar jirgin ƙasa ta Xiaobei, sai na ga shirun nawa ya zama haɗin baki.

Shekara huɗu ke nan ina zaune a Guangzhou, ina saya wa mutanenmu kaya ina lodawa. Ciwon baya ya matsa mini, irin na yawan tsayuwa a kasuwa da ɗaga kwalaye. Wani tafinta da muke gaisawa, baƙar fata ne irina, ya ga ina dafe ƙugu. Ya ce, "Haba Alhaji, kana ƙasar magani kana wahala? Akwai wani tsohon farfesa da ya yi ritaya daga babban asibiti, sau ɗaya yake zama a mako, kuma yau ne." A hanya muka haɗu da wata mata 'yar ƙasar, ta ce ai mijinta ma a can ya warke. Daga baya na gane ita ma 'yar wasan ce. Su kansu 'yan China sun san wannan sana'a, har suna gare ta, yituo: mutanen da ke tsayawa a ƙofar asibitoci da tashoshi suna kwaikwayon majinyata, su karkatar da mai neman magani zuwa wani ɗaki, a ba su kamasho.

Wurin a hawa na uku yake, a wani lungu. Tsohon na sanye da farar riga, bangon cike da jajayen tutocin godiya. Ya ɗora yatsu uku a wuyan hannuna, ya ce in fito da harshe, bai yi minti biyar ba ya girgiza kai. Tafinta ya sassauta murya: "Alhaji, sai haƙuri. Ƙodarka ta fara mutuwa. In ba a tare ta yanzu ba, sai wankin ƙoda."

A nan tarkon yake, kuma shi nake so kowa ya riƙe. A likitancin gargajiyar China akwai abin da suke kira shen xu, wato "raunin ƙoda". Amma ƙodar da suke nufi ba ita ce tsokar nan da ke tace fitsari kaɗai ba, wani ma'auni ne nasu na ƙarfin jiki, kusan yadda mu ke cewa sanyi ya kama mutum ko basir ya yi masa yawa. Mai ciwon baya, mai kasala, mai yawan fitsarin dare, duk ana iya ce musu haka alhali ƙodarsu lafiya lau take. Kai kuma da ba ka jin yaren, abin da tafinta ya zuba maka shi za ka sha. Ciwon ƙoda na gaskiya da gwajin jini da na fitsari ake gano shi, ba da yatsu uku ba.

Tsoro ya hana ni lissafi. Aka ce maganin wata uku ne, na biya na wata ɗaya, yuan 4,800, ta WeChat zuwa asusun wani mutum, ba na asibiti ba. Ba rasiti, ba takardar da ta lissafa ganyayyakin. Da na tambaya aka ce sirrin gida ne, gadon kakanni. Aka ba ni ƙullin saiwoyi da wasu baƙaƙen ƙwayoyi a kwalba marar rubutu.

Kwana uku da fara sha ciwon ya ɗauke ɗif, har na yi wa tafinta kyauta. Bayan sati uku fuskata ta kumbura, barci ya ƙaurace, ga ƙishirwa kamar mai azumin bazara. Wani ɗalibinmu da ke karatun likita ya kai ni asibitin gwamnati. Ƙoda lafiya, amma sukari ya hau. Likitar ta ce alamun sun yi kama da na wanda aka ɗura wa sitiroyid, wato maganin bature mai danne kumburi da ciwo, irin su dexamethasone, kuma ta hana ni yankewa lokaci guda, sai a hankali a ƙarƙashin kulawarta. Tsohuwar dabara ce: a niƙa maganin bature a cusa cikin na gargajiya don ka ga "aiki" da wuri.

Ko ba a cusa komai ba, ganyen da ba ka san sunansa ba abin tsoro ne. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam, mata fiye da 100 suka samu lalacewar ƙoda bayan an musanya wata saiwa a maganin rage ƙiba da wata mai ɗauke da gubar da ake kira aristolochic acid. China da kanta ta haramta wasu daga cikin tsirran da ke ɗauke da wannan guba a 2003 da 2004.

Kada a ce na ce maganin China ƙarya ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha a gida, artemisinin, daga wani ganye ɗan'uwan tazargade wata masaniya 'yar China, Tu Youyou, ta fitar da shi, har ta samu kyautar Nobel a 2015. Ni ma a sashen gargajiya na asibitin gwamnati aka ƙarasa yi mini jinyar ciwon bayan, da siraran alluran da suke tsirawa a jiki da kuma ƙaho, ƙahon nan dai da wanzamai ke yi mana, sai dai nasu na gilashi ne kuma galibi ba tsaga. Na ji sauƙi. Da fasfo na yanki kati, kuɗin ganin likita bai kai yuan 50 ba, kuma an buga mini sunan kowane ganye da nauyinsa a takarda. Guangzhou na da irin waɗannan asibitoci manya, ciki har da Asibitin Gargajiya na Lardin Guangdong da aka kafa tun 1933. Ba su da dillali a titi.

In za ka sayi na kwali, duba lambar amincewar hukuma: tana farawa da kalmomin guoyao zhunzi a rubutun China, sai harafi, sai lambobi 8. Harafin Z na maganin gargajiya ne. Mai tambarin shuɗiyar hula kuwa ƙarin abinci ne, ba magani ba, ko me mai shago ya rantse maka. Ka kuma tambayi abin da ke ciki saboda addininka, don wasu da giya ake jiƙa su, wani kuma da ake kira ejiao daga fatar jaki ake yin sa. Sannan ka je da tafintan da kai ka zaɓa, ba wanda ya zaɓe ka ba.

Wanda aka riga aka cuta ya kira 12315, layin ƙorafin masu saye, ko 110 na 'yan sanda, ya ajiye hoton biyan kuɗin da ragowar maganin. Ni na yi jinkiri. Ranar da na koma da ɗalibin nan, mun tarar an cire tutocin, ɗakin ya zama wurin ajiye kwalayen takalma. Dattijon na Xiaobei dai na ja shi gefe na gaya masa, tafinta kuwa ya yi kamar bai taɓa ganina ba.