Wane murfi ne yake tare iska? Abin dubawa kafin ki sayi mazubin ajiyar kayan abinci

Duk wadda ta shiga layin 'yan roba a Ƙofar Wambai ko Sabon Gari, abin da ke fara ɗaukar idonta shi ne launi da yawan robobin da ke cikin saiti. Mai shago ma da shi yake talla: "Hajiya, bakwai ne a ciki, ɗaya cikin ɗaya." Murfin kuwa ba a cika ɗaga shi a duba ba, alhali shi zai yi aikin. Kuma a Kano murfi ba ya hutu. Da hunturu ƙura ce, da bazara zafi ne da ke haura digiri 40 yana lanƙwasa roba marar kauri, a watan Agusta kuma laima ce ke dunƙule sukari da gishiri, ta sa ƙuli-ƙuli ya saki. Kiyashi da kyankyaso su kam kullum suna nan.

Wanda ya fi yawa a kasuwa, ya kuma fi araha, shi ne murfin dannawa. Ba shi da komai a ciki, leɓensa ne kawai ke kama bakin robar. Dabarar tsohuwa ce: Earl Tupper na Amurka ya fito da ita a robobin Tupperware a 1946, ya kwaikwayo ta daga murfin gwangwanin fenti. Idan robar mai kauri ce mai taushi, tana kamawa sosai. Matsalar tana ga masu arahar, waɗanda wanki ɗaya da ruwan zafi ko wuni ɗaya a rana ya isa ya karkatar da su, ki danna wannan kusurwa waccan ta ɗago. In shi za ki saya, ki ɗauki mai zagaye, don masu kusurwa huɗu daga kusurwar suke fara sakin iska. Ya wadatar ga magi, taliya, ko shinkafar da za ta ƙare cikin mako.

Sai mai kunnuwa huɗu, wanda ake maƙale kowane gefe ya ce ƙas. Kamfanin Lock&Lock na Koriya ta Kudu ne ya yi suna da shi tun 1998, yanzu kwaikwayonsa ya cika gari. Kunnuwan ba su ne ke tare iska ba, aikinsu su matse wani siririn zoben silikon (wata irin roba mai taushi) da ke kwance a ramin murfin a kan bakin mazubin. Saboda haka ki juya murfin ki kalli zoben nan da kyau. Ki danna shi da farce: mai kyau zai lotsa ya dawo nan take. Ki bi shi da ido har ya zagayo, don a wasu an yanko shi ne an haɗa baki da baki, kuma a mahaɗar nan akwai 'yar kafa. Ki kuma gwada ciro shi. Wanda ba ya cirowa, miya da mai za su riƙa taruwa a ƙarƙashinsa har ya yi baƙi ya fara wari, ba ki da yadda za ki wanke. Daga nan ki lanƙwasa kunne ɗaya sau uku ko huɗu ki dubi gindinsa. Idan wurin ya yi fari, karyewa ce ke tafe, kuma kunne ɗaya ya tafi, murfin ya tashi daga aiki. A ganina wannan ya fi kowane dacewa da miyar da za a sa a firij, da abincin yara na makaranta, da garin kunu ko garin ɗanwake da damina.

Kwalba mai murfin murɗawa ba ta da kwalliya, amma ga daddawa, yaji, man shanu da manja ban ga abin da ya kai ta ba. Roba tana shan wari da launi, wadda ta taɓa ɗaukar daddawa ba za ki sake zuba mata sukarin shayi ba. Gilashi kuwa da an wanke shi ke nan. Ba sai kin sayi sabuwa ba ma, kwalbar bama da ta ƙare ta isa, muddin bakinta bai ɓantare ba kuma farin shafen da ke cikin murfin yana nan lafiya. Sai dai murfin ƙarfe ba ya shiri da gishiri, tsatsa yake yi. Gwangwanin madara shi ma yana rufewa da kyau, yana kuma kare haske, amma ɓamɓarar murfinsa da cokali kullum tana lanƙwasa gefen.

Babbar ajiya lissafinta daban. Idan maigida ya sauke wake daga Dawanau, ki sani ƙwaron ba daga waje yake zuwa ba, ƙwansa yana jikin waken tun daga gona. Amfanin murfi a nan shi ne ya toshe masa numfashi har ya mutu. A kan wannan aka gina buhun PICS da Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, a ɗaure kowanne daban. Jarka mai murfin murɗawa ko bokiti mai zobe a murfinsa za su yi irin wannan aikin, da sharaɗin a cika su har baki, a kuma bar su makonni ba a buɗe ba. Don haka mazubi biyu kike buƙata, babba na rufewa da ƙarami na ɗiban yau da gobe. Da haka kin huta da zuba wa abinci maganin ƙwari, irin wanda samunsa a wake ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar waken Najeriya a 2015. Bokitin fenti da jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi kuwa, komai kyan murfinsu, a bar su.

Kafin ki biya, ki kifa robar ki dubi gindinta. Lamba 5 a cikin 'yar alama mai kusurwa uku ita ce mai jure zafi, lamba 2 ma ta dace da jarkoki da bokitai, lamba 6 kuma saurin tsagewa gare ta. Hoton kofi da cokali mai yatsu yana nufin don abinci aka yi ta. Ki shinshina cikinta, in wari ya buge ki, ki ajiye. Sannan ki ce, "Malam, ka yarda in gwada?" Ki sayi fiya-wata ɗaya ki juye a ciki, ki rufe, ki kifa, ki girgiza. Wanda ya san kayansa ba zai hana ki ba.

Akwai kuma abin da masu shago ba sa faɗa: murfin da ya hana laima shiga, ya hana ta fita. Kuka, busasshiyar kuɓewa ko gyaɗar da ba ta gama bushewa ba, in kin kulle ta, fumfuna za ki tarar. Dambun nama sai ya huce sarai kafin a rufe. Kunun zaƙi da zoɓo kuma, in aka ɗauke wuta sanyin firij ya tafi, tsami suke yi su kumbura murfin, saboda haka kada ki cika su har wuya.

Saitin nan mai ɗaya cikin ɗaya yana da kyau a jeren amarya, amma kowace roba da girman murfinta, ɗaya ya ɓata robar ta zama ta wanke-wanke. Gara ki ɗauki huɗu ko biyar masu baki iri ɗaya daga kamfani ɗaya, ki kuma tambayi mai shagon ko yana sayar da murfin shi kaɗai.