Boris na tangaran a keken hawa dutse: abin da na gani bayan damina ɗaya

Wani bidiyo ne ya ja ni. Mutum ya ɗaga taya ya murza ta da ɗan yatsa, ta yi ta juyi kamar ba za ta tsaya ba, wai boris na tangaran ne a ciki. A lokacin tayar bayan kekena ta fara gurnani, sai na ce tunda canji ya zama dole, bari in sa mai tsadar in huta. Na yi odar guda biyu masu lamba 6902 (lambar girman boris ɗin ke nan), da kuɗin da zai saya mini na ƙarfe kusan goma. Har yau mai ɗakina ba ta san farashin ba.

Kada sunan ya ruɗe ka, ba irin tangaran ɗin kofin shayi ba ne. Ƙwallayen ciki kawai aka yi da wani sinadari, silikon naitiraid, zobban da suke gudu a kai kuwa ƙarfe ne kamar na kowa. Ƙwallayen sun fi ƙarfe tauri nesa ba kusa ba, nauyinsu bai kai rabin nasa ba, kuma ba sa tsatsa. Duk wannan gaskiya ne, ban ce an yi mini ƙarya ba.

Da na kai wa Baba mai gyara a nan Jos, ya juya boris ɗin a tafin hannu, ya sa farce ya ɗan taɓa robar da ke rufe gefe.

"Yaro, wannan robar ai sako-sako take. Maiƙon ma kamar ruwa. A titi za ka hau ko a dutse?"

Na ce, "Baba, a sa kawai, na Turai ne."

Ya sa, bai ƙara cewa uffan ba.

Makon farko na ji daɗi, ko kuma na sa wa raina na ji. A rataye tayar tana juyi kamar ta bidiyon. Amma da na kama hanyar duwatsun Shere, inda tsakuwa ke tsalle ƙarƙashin taya kuma numfashi ke neman ƙarewa, wallahi ban ji wani bambanci a ƙafata ba. Daga baya na zauna na yi lissafi. Taya mai inci 29, ko ana gudun kilomita 30 a awa, juyinta bai wuce 220 a minti ba. Tangaran kuwa ya fi nuna kansa a injinan da ke juyi dubbai a minti, inda zafi ke damun ƙarfe. Wannan juyin da ya burge ni, sassaucin roba ne da ƙarancin maiƙo suka kawo yawancinsa.

Ƙurar hunturu ta fara shiga, damina ta zo ta ƙarasa aikin. Na tsallaka rafi ba sau ɗaya ba, na kuma wanke keken da tiyo, wannan laifina ne. Kafin watan Agusta ya ƙare gurnanin ya dawo, har ya fi na da. Baba ya ɓare robar da tsinin allura ya miƙo mini. Giris ɗin ya koma jar laka. Ƙwallayen na nan fes, suna ƙyalli kamar yau aka saye su, amma zoben ciki duk ya yi 'yan ramuka, ga tsatsa ta zagaye shi. Duk lokacin da taya ta daki dutse, ƙwallo mai taurin nan zoben yake nausa, zoben kuwa ba shi da taurin da zai rama.

Yanzu na koma na ƙarfe, na kamfanin NTN na Japan, 6902 mai harafin LLU, wato wanda robarsa ta kama zobe gam ta gefe biyu. A rataye ba ya daɗewa yana juyi, ba zai burge kowa a bidiyo ba, amma ya ci damina guda shiru. Sai dai a kula wajen saye, jabu sun cika kasuwa, kwali ɗaya tambari ɗaya. Wanda ke tsere a kan kwalta, yana kuma da halin buɗewa ya sake giris a kai a kai, yana iya gwada tangaran ɗin. Ni dai na sallama.

Ƙwallayen suna wurin Baba, a cikin gwangwanin madara da yake tara notuna. Ya ce sun yi kyau da yawa, ba zai iya zubar da su ba.