Gwajin DNA kafin auren 'yata: abin da na biya a Jidda da abin da na samu

Ni tela ne. Shekara 31 ke nan ina yanka ina ɗinkawa a wani ɗan shago a Shari'ul Mansur, nan Makka, inda mahaifina ya bar mini keke da almakashi. Tunda aka ji mun je Jidda an duba mana DNA, mutum huɗu suka tare ni bayan sallar isha'i da tambaya iri ɗaya: ina ne, nawa ne, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Sunan wurin ne kawai ba zan kama ba, don akwai inda zan yi ƙorafi. Ɗakin gwaji ne mai zaman kansa a arewacin Jidda, irinsa suna da yawa.

'Yata ta biyu ce za a ba ɗan ƙanwata, auren zumunci. Kowa ya san tun 2004 ba a ɗaura wa ɗan ƙasa aure a nan sai an kawo takardar gwajin jini na sikila da talasimiya, wato wani ciwon ƙarancin jini na gado. Muka tura su. Nata ya fito AS, wanda ba mu yi mamaki ba, daga wajena ta ɗauko. Shi kuwa babu S ko kaɗan, har mun fara hamdala, sai likitar cibiyar ta ce ƙwayoyin jininsa sun yi ƙanƙanta, alhali ba shi da ƙarancin sinadarin ƙarfe, ma'aunin da ake gane talasimiya da shi kuma bai fito fili ya ce e ko a'a ba. Ta ce in talasimiyar nau'in beta ce yake ɗauke da ita, ta haɗu da S ɗin yarinyar, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi yaro mai ciwo kusan irin na SS. Hukuma ba ta hana auren, bayani take yi ta bar ku da zaɓinku. Amma ni na binne ƙanena yana ɗan shekara 19 da amosanin jini, wato sikila. Ina tuna dararen hunturu da muke gasa masa ƙafa da tawul yana cizon matashi, tsofaffi na cewa sanyin ƙashi ne. Ba zan ɗaura aure a kan "wataƙila" ba. Layin asibitin gwamnati ya yi mana nisa, ranar biki kuma an riga an tsayar, shi ya sa muka kama hanyar Jidda.

Wurin tsaf yake, sanyin na'ura har cikin ƙashi, ba mu yi minti goma a zaune ba aka kira mu. Ɗibar jinin yaron ma ba komai, 'yar kwalba ɗaya mai murfi ruwan shuɗi-ja, an gama. A wajen biyan kuɗi ne aka fara ɓata mini rai. A waya an ce mana riyal 1,200. Da muka zo sai ya zama na beta kaɗai ke nan, in ana son a haɗa da alfa 700 ne ƙari, ganin mai bayanin sakamako kuma 300 daban. Na biya 2,200 ina ƙunƙuni. Kafin in mayar da kati aljihu yaron kantar ya zaro wata takarda mai sheƙi, wai su duba mana wane abinci ya dace da jininmu da wane irin motsa jiki. Na ce masa, ɗana, shinkafa da tuwo sun riƙe ni shekara sittin, a bar ni da su.

Sai takardar amincewa. Da Turanci da Larabci take, rubutu ƙanana kamar ƙudan zuma sun bi ta kai. 'Yata ce ta lura akwai wani layi da ke ba su izinin ajiye ragowar jinin don bincike, kuma an riga an sa masa alama kafin mu taɓa biro. Muka soke shi. Ba su yi gardama ba, amma ba su kuma gaya mana da bakinsu ba. Duk mai zuwa ya karanta kafin ya sa hannu.

An ce kwana goma. Kwana 24 muka yi. Na kira sau biyar, kullum "gobe in sha Allahu". Ƙanwata ta daina barci, yaran biyu sun daina gaisawa da fara'a, kowa na kallon ɗan'uwansa kamar mai laifi. Ranar da sakamakon ya zo kuma, ta WhatsApp ya faɗo da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, shafi uku na Turanci zalla, haruffa da lambobi. Yaron ya ga kalma ɗaya da ya gane, ta "an samu", ya zauna a ƙasa. A ganina wannan shi ne babban laifin wurin. Irin wannan takarda ba a jefa wa mutum ita da dare a bar shi da Google.

To, abin da ya wanke su shi ne riyal 300 ɗin nan da na biya ina ƙunƙuni. Daktorar da ta zauna da mu 'yar Sudan ce. Ta kalli ƙarshen sunanmu a fayil, ta ɗago ta ce, "Baba, ina wuni?" Ashe 'yar Mai Wurno ce, can kusa da Sennar, garin jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi. Hausarta ta gauraye da Larabci kamar tamu. Ta tambaye ni sana'ata, na faɗa, ta ce to da kai zan yi magana, yaran su saurara.

Ta ce jikin mutum ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, a cikin kusan kowanne akwai zare naɗe, wanda in aka warware shi zai kai mita biyu. Na ce rabin yadin jallabiyar babban mutum ke nan. Ta yi dariya ta ce e, kuma an raba shi ƙunshi 46, ashirin da uku daga uwa, ashirin da uku daga uba, su ake kira kuromosom. A jikin zaren akwai rubutu da haruffa huɗu kacal, A da T da G da C, kusan biliyan uku a kason kowane ɓangare. Shi ne littafin awon jiki. Gurbin da aka rubuta awon abu ɗaya shi ne ƙwayar gado, mutum na da wajen 20,000. Jiki na karanta haruffan uku-uku, kowace uku tana nufin bulo guda da za a jera a gina furotin.

Daga nan ta zana mini abin da ya kashe ƙanena. Sinadarin da ke ɗaukar iska a jini sarƙa huɗu ne, alfa biyu, beta biyu. Awon beta yana kuromosom na 11. A bulo na shida, inda ya kamata a rubuta GAG, sai aka rubuta GTG. Harafi ɗaya. Wannan ya sa aka saka bulon da bai dace ba, kuma da iska ta yi ƙasa sai sinadarin ya manne da juna ya zama sanduna, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe hanya. Ta ce tun wajen 1957 wani masani a Ingila, Vernon Ingram, ya gano wannan bulon guda. Na yi shiru na ɗan lokaci. Ni na san yadda kuskuren inci ɗaya a kafaɗa ke ɓata riga gaba ɗaya, amma ban taɓa kawo wa raina shekara 19 na kururuwa harafi ɗaya ba ne.

Na tambaye ta yadda suke ganin harafi ɗaya cikin biliyan uku a 'yar kwalbar nan. Ta ce abin dariyar shi ne jajayen ƙwayoyin da muke damuwa da su ba su da DNA, sun zubar da nasu kafin su fito aiki, daga fararen ake cirowa. Sai a sa a na'urar da ake kira PCR, a zafafa zaren har kusan tafasa ya rabu biyu kamar zif, a huce, wani sinadari ya ɗinka wa kowane ɓari abokinsa, a sake. Ɗaya ya zama biyu, biyu huɗu, a zagaye talatin an sami kwafi wajen biliyan na ɗan gurbin da ake nema kaɗai, ya isa a karanta. Sinadarin mai ɗinkin, wai daga wata ƙwayar bakteriya mai rayuwa a ruwan zafi na Yellowstone a Amurka aka samo shi, shi ya sa zafin ba ya kashe shi. Ita ce na'urar da aka yi ta mana gwajin korona da ita.

Sakamakon yaron kuwa: betarsa lafiya lau, duka biyun. Abin da aka "samu" a alfa yake. Kowa na da awon alfa guda huɗu a kuromosom na 16, biyu ta kowane ɓangare. Shi ya rasa biyu, ɗaya ta wajen uwa, ɗaya ta wajen uba. Ta ce wannan nau'in ya zama ruwan dare ga mutanen Afirka ta Yamma, abin da yake yi kawai ƙanƙanta ƙwayar jini, kuma haɗuwarsa da AS ba ta haifar da ciwon da muke tsoro. 'Ya'yansu za su iya fitowa AA ko AS, sai a gwada su idan sun tashi aure. Ƙanwata ta fashe da kuka, Daktora ta miƙa mata tishu ta ci gaba da rubutu da Larabci a bayan takardar, layi-layi, don mu nuna wa dangin uban.

Lokacinmu ya ƙare, amma akwai ɗan maƙwabcina mai SS, ɗan shekara 14, kuma na ji ana ta maganar an sami maganin da ke gyara ƙwayar gado. Na tambaya, ba ta kore ni ba. Ta ce gaskiya ne, sunansa Casgevy, Ingila ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka a Disamba, hukumar magunguna ta Saudiyya a Janairun 2024, ga 'yan shekara 12 zuwa sama. Da dabarar CRISPR yake aiki, wadda Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana a 2012 suka sami kyautar Nobel a 2020. Almakashi ne na furotin da bakteriya ke yanka ƙwayoyin cuta da shi, aka koya masa bin ɗan jagora zuwa gurbin da ake so. Abin da ban zata ba shi ne maganin ba ya taɓa harafin nan na S. Jariri a ciki yana da wani nau'in jini nasa wanda ba ya lanƙwashewa, bayan haihuwa wata ƙwayar gado mai suna BCL11A take kashe shi. Makunnin nan ake lalatawa, jinin jarirai ya dawo. Ta ce shi ya sa masu sikilar Ƙaɗif da Ahsa, can gabashin ƙasar nan, da yawa ciwonsu ya fi sauƙi, jinin jarirai bai gama mutuwa a jikinsu ba, namu na Afirka ta Yamma da na mutanen Jizan, can kudu, kuwa ya fi tsanani.

Ba ta yi mini daɗin baki ba. Sai an ciro ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majiyyacin, a gyara a waje, a ba shi magani mai ƙarfi irin na masu kansa ya share ɓargon, sannan a mayar, ya yi makonni a asibiti. Maganin sharewar na iya hana haihuwa. Gyaran kuma ba ya bin 'ya'ya, S ɗin na nan a zuriya. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2, sama da riyal miliyan takwas. Na lissafa jallabiya nawa ke nan, na bari. Na ce mata a sana'armu yankan ba shi ne wuya ba, yadin da aka yanke bisa kuskure ne ba ya komawa. Ta ce haka nan ne abin da masana ke sa wa ido, kada almakashin ya ci wani gurbi mai kama da wanda aka aike shi, kuma shi ya sa ake bin waɗanda aka yi wa shekara da shekaru.

Ƙanwata ta ce anya wannan ba canza halittar Allah ba ne? Daktora ta tambaye ni ko akwai mai ciwon suga a gida. Na ce uwar yaran. Ta ce insulin ɗin da take tsira wa kanta, tun 1982 aka fara samun irinsa ta hanyar ɗaukar awon insulin na mutum a dasa a jikin bakteriya ta riƙa ƙerawa, da can daga jikin shanu da aladu ake tatsowa. Ta ƙara da cewa majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, nan Makka, ta zauna a kan batun a 1998, ta halatta shi don magani da rigakafi, ta hana wasa da halittar ɗan Adam. Sauran ta ce mu kai wa malaminmu, ita jini ta karanta.

Wanda gwajin farko ya ba shi amsa a fili, mai daɗi irin AA da AS ko mai ɗaci irin AS da AS, kada ya kai kuɗinsa can, amsarsa na hannunsa. Wanda aka bari a tsakiya irinmu ya je, amma ya nemi jimillar kuɗin a rubuce, ya ninka kwanakin da suka faɗa sau biyu kafin ya tsayar da ranar biki, kuma ya ce kada a turo masa komai a waya sai ranar da zai zauna da mai bayani. Kafin mu fito na tambayi Daktora batun takardar abincin nan mai sheƙi. Ta kalli ƙofa, ta ce, "Baba, sai an jima, a gaida gida."

An ɗaura auren bayan ƙaramar salla. Ni na ɗinka wa angon jallabiyarsa, mita huɗu ba kaɗan, don ya ɗan yi ƙiba tunda hankalinsa ya kwanta. Ragowar jinin kuwa na rubuta musu sau biyu ina tambaya ko an zubar da shi kamar yadda muka nema, har yau ba amsa.