RTK ko PPK Wajen Zana Taswirar Hanyoyin Kurmi

Rassan bishiyoyi suna tare siginar tauraron ɗan'adam, shi ya sa na'urar GPS ta gama-gari takan kauce da mita da dama a cikin kurmi. RTK da PPK dabaru ne guda biyu na rage wannan kuskure a awon GPS. RTK tana karɓar gyara nan take daga tashar da aka san matsayinta daidai, amma tana buƙatar rediyo ko intanet marar yankewa, abin da ke wuyar samu a duhuwar daji. PPK kuwa tana adana ɗanyen bayanai ne, a gyara su a kwamfuta bayan an dawo, sai dai mai awo ba zai gane kuskure ba sai ya bar wurin. Duk da haka, ita ce ta fi dacewa da hanya mai nisa, musamman da na'ura mai karɓar L1 da L5, wato nau'o'in sigina biyu da taurarin GPS ke aikowa.