Garmin Forerunner 255 a hannun ɗan triyatlon mai shirin gudun fanfalaki daga Jos

Duk wanda ya saba haɗa ninƙaya da keke da gudu, ranar da ya ɗaura niyyar shiga gudun fanfalaki na kilomita 42.195 yakan shigo da zuciya mai ƙarfi da ƙafafun da ba su gama ƙwari ba. A triyatlon irin na Olamfik gudun kilomita 10 ne kawai, bayan ninƙayar kilomita 1.5 da keken kilomita 40. Ko mai yin rabin Ironman, wato triyatlon mai dogon zango, a kilomita 21.1 yake tsayawa. Da wannan ma'aunin muka auna agogon Forerunner 255: me zai yi wa irin wannan mutumin idan a Jos yake atisaye, kuma tseren Legas ya nufa a watan Fabrairu?

Agogon ya cancanci kuɗinsa, wannan babu ja. Sai dai zuciya yake gani, ba ya ganin agara da ƙwauri, kuma a nan ne yake iya kai ɗan triyatlon ya baro.

Garmin ya fitar da shi a watan Yunin 2022 a kan dala 350. Girma biyu ne: babban mai milimita 46 da nauyin giram 49, sai ƙaramin, 255S, mai milimita 41 da giram 39. Ba a shafa fuskarsa, maɓallai biyar ne, uku a hagu biyu a dama. Wasu na ganin wannan koma baya ne, mu kuwa alheri muke gani, domin yatsa mai gumi ko jiƙaƙƙen hannun da ya fito daga ruwa ba ya jituwa da gilashin shafawa. Fuskar irin wadda hasken rana ke ƙara wa fitowa ce. A tsakar rana a hanyar Rayfield lambobin suna fitowa tar, amma bayan sallar asuba sai ka danna fitila kafin ka ga komai. Wanda ya biyo bayansa a 2023, wato 265, ya fi shi kyan fuska nesa ba kusa ba, amma kyan fuska ba ya rage ko daƙiƙa ɗaya a kan titi.

Batirin ne abin da zai fara burge ɗan Najeriya. Kamfanin ya ce babban yana kai kwana 14 idan agogo kawai yake yi, awa 30 idan yana bin tauraron ɗan'adam a yanayi mafi sauƙi, awa 16 idan ka kunna yanayin da ke kama siginar tauraro a zango biyu. Mai atisayen awa takwas zuwa goma a mako zai riƙa caji kusan sau ɗaya a mako, kuma ƙaramin fawa-banki ya ishe shi ko da an ɗauke wuta. Abin da ke shanye batirin a ɓoye shi ne ma'aunin iskar jini da ke aiki cikin dare. Kashe shi, ba ka rasa komai ba.

A awon nisa ba mu da ƙorafi. A buɗaɗɗen fili kamar hanyar dam ɗin Lamingo, yanayi mai sauƙin ma ya wadatar. Mai zango biyun a ajiye shi sai inda duwatsu ko dogayen gine-gine ke mayar da sigina, kamar gindin tsaunukan Shere ko cikin cunkoson Taminus. A tsaya minti ɗaya a waje bayan alamar kama tauraro ta koma kore kafin a danna farawa. Yawancin karkatattun kilomitar farko gaggawa ce ke jawo su.

Inda ake samun matsala sosai shi ne bugun zuciya, kuma Jos na da hannu a ciki. Fitilar da ke bayan agogon jinin da ke kai-komo a ƙarƙashin fata take karantawa. Da sanyin hunturu, a Disamba da Janairu, jijiyoyin fata suna tsukewa, jinin da ke isa wuyan hannu ya ragu, sai na'urar ta rasa abin kamawa ta koma bin girgizar hannu. Za ka ga mutum yana sassarfa a hankali, yana hira da abokin gudunsa ba ko haki, agogo kuma ya kafe a 172. Ba zuciyarsa ba ce, yawan takunsa ne a minti ɗaya. Gane shi ba wuya: saka yawan taku da bugun zuciya a shafi ɗaya, idan lambobin biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, to agogon ya ɓata hanya. Maganin farko shi ne a ɗaura shi faɗin yatsa biyu sama da ƙashin wuyan hannu, a ƙara matse shi da rami ɗaya, a sa riga mai dogon hannu har jiki ya ɗumama. Mutane da yawa suna sassauta madauri lokacin alwala su manta ba su mayar ba, daga nan su fita gudu, sannan su zargi agogo.

Magani na gaskiya dai madaurin ƙirji ne mai awon bugun zuciya, HRM-Dual na Garmin ko Polar H10, duka biyun agogon yana karɓa. Shi ma yana da nasa halin a lokacin hunturu: busasshiyar fata da rigar roba suna sa ya yi tsalle zuwa 200 a mintunan farko. A jiƙa wuraren da ke taɓa fata da ruwa sosai kafin a ɗaura, a wanke madaurin bayan kowane gudu. Duk wanda zai gina atisayensa a kan bugun zuciya ya sa kuɗin madaurin a cikin lissafin sayen agogon tun farko.

Bayan haka sai a gyara matakan bugun zuciya, domin agogon yana farawa ne da ƙiyasin 220 a cire shekaru, kuma wannan lissafin yakan kauce da bugu goma ko fiye. Hanyar da ta fi: a ɗumama jiki minti 15, a yi gudun minti 30 da iyakar ƙarfin da za a iya riƙewa ba faɗuwa, a danna LAP, maɓallin da ke raba gudu kashi-kashi, bayan minti goman farko, a ɗauki matsakaicin bugun minti 20 na ƙarshe. Filin wasa na Rwang Pam ko duk wani shimfiɗaɗɗen wuri ya fi dacewa da wannan gwajin. Lambar da ta fito a shigar da ita a matakan gudu kaɗai. Agogon yana ba da damar ware wa keke nasa matakan, kuma dole ne a ware, tunda a kan keke bugun yakan yi ƙasa da na gudu da biyar zuwa goma. Wanda ya haɗa su wuri ɗaya, ko dai ya riƙa azabtar da kansa a keke, ko ya riƙa ragwanci a gudu.

Yanzu ga babban abin da ya sa muka ce a yi hattara. Agogon yana lissafa nauyin atisaye na kwana bakwai daga wahalar da zuciya ta sha, ya zuba ninƙaya da keke da gudu a tukunya ɗaya. Ɗan triyatlon da ya yi awa uku a keke ranar Asabar, ya shiga ruwa sau biyu, ya yi gudun da bai wuce kilomita 25 ba a mako, agogon zai nuna masa komai daidai, ƙarfi na ƙaruwa. Hasashen lokacin tsere ma yakan yi masa daɗin baki a nisan fanfalaki. Amma keke da ruwa ba sa dukan ƙashi. A gudu kowane taku yana sauke wa ƙafa nauyin jiki ninki biyu zuwa uku, kuma fanfalaki taku ne sama da dubu talatin. Huhu da zuciya suna sabawa cikin makonni, agara da ƙashin ƙwauri da tafin ƙafa sai an yi watanni. Shi ya sa za ka ga gwanin keke ya wuce kilomita 25 yana murmushi, ya isa 32 sha-raɓarsa ta ɗaure tamau, numfashinsa kuwa lafiya lau.

Don haka kada a bar launin kore na agogo ya yanke hukunci. A shiga manhajar Garmin Connect, a ware rahoton gudu shi kaɗai, a dubi jimillar kilomita na kowane mako. Mai nufin Fabrairu ya fara tun Oktoba, mako 16. Gudu sau huɗu a mako, ƙarin nisa kada ya wuce kusan kashi goma cikin ɗari a kan makon baya, kowane mako na huɗu a sassauta. Dogon gudu ya tashi daga kilomita 16 ya kai 30 ko 32, na ƙarshe saura mako uku a yi tsere. Keke ya koma sau ɗaya ko biyu, mai sauƙi, ninƙaya kuma ta zama ta warware gajiya. Idan ka shigar da ranar tseren a kalandar manhajar, agogon zai riƙa ba ka shawarar atisayen kowace rana, kuma shawarwarin ba laifi ga mai gudu zalla. Ga ɗan triyatlon kuwa sukan zo a birkice: bayan doguwar tafiyar keke sai ya ce ka huta a ranar da dogon gudunka ya faɗo. Tsarinka na takarda shi ne gaba. A manhajar kuma akwai wurin rubuta takalmi, tana ƙirga masa nisa. Daga kilomita 600 zuwa 800 a fara duba tafinsa.

Abin da muka fi yarda da shi a cikin dabarun agogon shi ne awon saɓanin tazarar bugun zuciya cikin barci. Sai ka kwana da shi kusan mako uku kafin ya san yanayinka. Bayan nan, idan lambar ta faɗi kwana uku a jere, bugun hutu kuma ya ɗaga, to jiki yana magana, wataƙila gajiya ce, wataƙila zazzaɓi ne ke tafe. A irin wannan rana a bar gudu mai tsanani.

Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200. Kada wannan ya sa ka ji kamar ɗan Iten ta Kenya, wadda ke kusan mita 2,400. Ɗan amfanin da tudun Jos zai ba ka, zafi da laimar Legas za su karɓe shi da riba. A shekarun baya tseren Legas yakan tashi daga filin wasa na ƙasa a Surulere, ya hau gadar Third Mainland inda babu inuwa ko ta sanda, ya ƙare a Eko Atlantic. Mai gudun asuba a Jos ba zai saba da zafi ba har ranar tafiya. Jiki na buƙatar kwana 10 zuwa 14 na atisaye cikin zafi. A mayar da wasu gudun masu sauƙi zuwa hantsi, ko a sauka Abuja a yi su a gefen tafkin Jabi, kuma a rage burin gudun ranar tsere tun daga gida.

Ranar tseren kanta, abu biyu za a saita. Na farko, a kashe Auto Lap, wato raba kilomita da agogon ke yi da kansa, a riƙa danna LAP da hannu a kowane allon kilomita. Babu mai bin layi mafi gajarta daidai, don haka agogo yakan nuna 42.5 ko 42.6 a ƙarshe. Mai neman awa huɗu yana buƙatar 5:41 a kowace kilomita ta gaskiya. Idan agogonsa zai ƙirga 42.6, to 5:38 ya kamata ya gani a fuska, in ba haka ba zai iso da minti biyu a makare yana mamaki. Na biyu, a saita ƙararrawa mai maimaituwa duk minti 25 domin ci. Ana son giram 30 zuwa 60 na sikari a awa. Ledar jel ɗaya, wato sikari mai kauri da masu gudu ke sha, tana da giram 20 zuwa 25, ƙaramin dabino kuma biyar zuwa shida, wato dabino huɗu sun kusa jel ɗaya, a cire ƙwallon tun a gida. Duk abin da za a ci ranar, a gwada shi a dogon gudu aƙalla sau uku.

Ɓangaren ruwa da keke ya yi abin da ake so. A kwamin ninƙaya dole ka gaya masa tsawon kwamin, kuma na otal-otal ba kasafai suke cika mita 25 ba, don haka a auna da tef. Da tunkuɗar bango yake ƙirga zuwa da dawowa. Ka tsaya a tsakiya ka gyara tabarau, ya ƙara maka tsawon da ba ka yi ba. Yana da yanayin buɗaɗɗen ruwa, amma muna roƙo kada a gwada shi a tsofaffin ramukan kuza da ke kewayen Jos da Bukuru. Zurfinsu ba a gani, ruwansu sanyi ƙarara, ga kuma haɗarin tsargiya a ruwan da ba ya gudu. A keke yana karɓar na'urorin awon juyin feda da na ƙarfi. Yanayin triyatlon kuwa da danna LAP ɗaya yake wucewa zuwa wasa na gaba, don haka kuskuren dannawa ɗaya ya isa ya sa ka "gudu" alhali kana kan sirdi.

Abin da ba shi da shi: cikakkiyar taswira. Layi kawai yake zana maka a kan fuska babu tituna, wanda ya isa ga mai bin kwalta amma bai isa ga mai kutsawa cikin duwatsu ba. Ma'aunin tudunsa kuma ta wani ɗan ƙaramin rami yake shaƙar iska, ƙurar hunturu da gishirin gumi suna toshe shi, sai ka ga ya ce ka hau mita 400 a fili. A jiƙa agogon a ruwa mai ɗan ɗumi na wasu mintuna, a ɗauraye, kada a kuskura a soka allura. Haka wurin caji: a bari ya bushe kafin a jona waya, domin gumi ne ke cinye ƙarafuna huɗun da ke wurin.

Mai sayen na hannu kada ya biya sai ya haɗa shi da Garmin Connect a wayarsa a gaban mai kaya. Ya danna maɓallan biyar ɗaya bayan ɗaya ya ji kowanne yana dawowa, ya fita waje ya ga ya kama tauraro cikin minti ɗaya ko biyu, ya bar shi yana awo na rabin awa ya duba: idan batirin ya sauka fiye da kashi uku ko huɗu, ya gaji. Ya juya bayansa ya haska gilashin fitilar, in da tsaga ko ƙanƙanuwa ce a bar shi, ruwa zai shiga. Tsinkakken madauri kuwa ba abin fasa ciniki ba ne, na milimita 22 ne a babban, 18 a ƙaramin, kuma da farce ake cire shi.