Ƙaramin garmaho da sabon kan allura: abin da kunnena ya ji

Garmahon da nake amfani da shi na masu farawa ne. Bel ke juya farantinsa, yana gudun zagaye 33 da 45 a minti, kuma akwai ɗan amfilifaya a cikinsa, sai dai kawai ka jona da lasifika mai nata amfilifaya. Wannan sauƙi ne babba, don sautin da allura ke tsamowa daga faifai siriri ne ƙwarai, sai an ƙara masa ƙarfi an daidaita shi kafin ya shiga kunne.

Aibinsa na farko rashin nauyi. Idan lasifika na kan teburi ɗaya da shi, rugugin ganga yakan koma cikin allura, sauti ya dagule. Raba su ya magance wannan.

Amma ni abin da nake so mai saye ya duba shi ne hannun da ke riƙe da allura. Garmahon wannan aji iri biyu ne. Akwai mai sarrafa kansa, ka danna maɓalli ya ɗora allura, faifai ya ƙare ya ɗauke. Daɗin aiki gare shi, sai dai yawanci kan allurarsa a kafe yake, nauyin da yake dannawa ma an ƙayyade shi tun daga masana'anta, sau da yawa sama da giram 3. Allura kaɗai za ka iya sauyawa. Nawa kuwa yana da dunƙulen ƙarfe a bayan hannun na daidaita nauyi, da ɗan makunnin da ke hana allura zamewa zuwa tsakiya. Waɗannan biyun su suka ba ni damar gyara.

Allurar da ya zo da ita mai zagayayyen baki ce. A waƙoƙin farko na faifai ba laifi, amma da an kusa tsakiya sai muryar mawaƙi ta fara tsatsa, musamman wajen harafin "s". Dalili kuwa, a can zagayen ya ƙanƙance, lanƙwasar layin ta matse, baki mai kauri ba ya iya bin ta. Na sa sabon kan allura, AT-VM95ML na kamfanin Audio-Technica, mai siririn baki, a nauyin giram 2. Tsatsar nan ta tafi, kuma kayan kiɗan da ke can baya suka fito fili. Kamfanin ya ce irin wannan allura takan kai awa 1,000, mai baki kamar ƙwai kuwa wajen awa 300, to tsadarta ba asara ba ce.

Abin da ya ƙara burge ni, jikin VM95 ɗaya ne, allurai ne suka bambanta. Mai ƙaramin ƙarfi sai ya fara da C (mai zagayayyen baki) ko E (mai baki kamar ƙwai), daga baya ya zare ya sa ML (mai siririn baki) ba tare da kwance ko noti ɗaya ba. Haka kan allurar 2M Red na kamfanin Ortofon ke karɓar allurar 2M Blue.

Ɗaura sabon kai yana son haƙuri: wayoyi huɗu sirara, takardar auna kusurwa, da ɗan sikeli. Siririn baki ba ya yafe karkata ko kaɗan. Kan allura nau'in MC kuwa, wato wanda naɗin waya ke motsi a cikinsa, a wannan aji ban ba da shawara ba. Yawancinsu na buƙatar amfilifaya ta daban, kuma in allurar ta cinye ba a zare ta a gida.