Kundin ReNaLoc: ga mai neman yawan mutanen ƙauyensu a Adar

Duk mai rubuta takardar neman rijiya, lakwal ko ɗakin shan magani ga ƙauyensu, abin da za a fara tambayarsa shi ne mutum nawa ne a garin. Amsar da hukuma ta yarda da ita tana cikin ReNaLoc, kundin sunayen garuruwa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, INS, ta fitar a Yamai a 2014, bisa ƙidayar Disambar 2012. Ƙidayar nan ce ta huɗu, bayan ta 1977, 1988 da 2001, kuma ta ba Nijar mutum 17,138,707, jihar Tawa, inda Adar take, 3,328,365.

Aiki ne na a yaba. An jera shi jiha, gunduma, komin, sannan gari, har da tunga da zango. Kowane layi yana ba ka maza, mata da yawan iyalai. Sai dai da Faransanci yake, kuma a nan mutane suke ɓata. Gidan ya koma Guidan, Tunga ta koma Tounga, Zango wani lokaci Zongo. In ka buga sunan da rubutun Hausa, kwamfuta za ta ce babu. Ka nemi komin tukuna, ka bi layi da ido, domin Sabon Gari da Tounga sun yi yawa, ana ɗaukar na wani a ce na wani ne. Ka kuma tuna Bagaruwa, Malbaza, Tasara da Tiliya sai 2011 suka zama gundumomi, don haka in kana kwatanta shi da alƙaluman 2001, garin yana iya kasancewa ƙarƙashin wata gundumar.

Babban rauninsa tsufa ne. Wasu sukan ɗora ƙaruwar jama'ar ƙasa da ƙidayar 2012 ta nuna, kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, garin mutum 1,000 ya zama kimanin 1,470 bayan shekara 10. Lissafin ƙasa ne wannan, ba na ƙauye ba. A Adar, da an gama girbi samari sun tafi cin rani Najeriya, Kwaddibuwa ko Libiya, wasu su shekara ba su dawo ba. Tunga kuwa takan zauna a layinta daban, alhali lanhonta wajen mai garin uwar gari take biya. Ka haɗa su, sannan ka gwada da takardar lanhon mai gari.

Tarihi kam babu shi ciki, ba a kuma yi shi don haka ba. Wanda ya sari gari, rijiyar farko, jerin masu gari, sai wajen dattawa da makaɗan fada. Tarihin da ke rubuce kuma, a nufi IRSH, cibiyar binciken ilimin ɗan Adam da ke Yamai, a nemi binciken Djibo Hamani na 1975 kan Adar kafin zuwan Turawa.